Yadda ake gyara tsohon gem ɗin kwamfuta idan ya ce fayil ya ɓata ko ya lalace

Ka danna gem sau biyu kana jira ya buɗe, sai wani ɗan akwati ya faɗo da dogon turanci wai wani abu .dll babu shi, ko kuma ya fara lodin ya kai rabi ya fita da kansa ba sallama. Tsofaffin gem irin su GTA San Andreas da Vice City da Need for Speed Most Wanted na 2005 sun fi kowa wannan halin a kan Windows 10 da 11, kuma yawanci gyaran ba ya buƙatar a yi wa kwamfuta fomat kamar yadda wasu masu gyara suke saurin cewa.

Abu na farko, kuma wallahi shi ne rabin aikin, kar ka danna OK ɗin nan da sauri. Ɗauki wayarka ka ɗauki hoton akwatin, ka karanta sunan fayil ɗin harafi bayan harafi har da lambar da ke jikinsa, don d3dx9_26.dll daban d3dx9_43.dll daban, msvcr100.dll daban msvcr110.dll daban. Sunan ne zai gaya maka fayil ɗin na waye. Ko dai na Microsoft ne wanda gem ɗin yake aro daga Windows, ko na gem ɗin ne kansa da ya kamata ya kasance a cikin foldarsa, ko kuma fayil ɗin setin da sebin ɗinka ne da gem ɗin ya rubuta da kansa. Kowanne maganinsa daban, in ka haɗa su ka ɓata data da lokaci a banza.

Kuma tun kafin mu yi nisa, shafukan nan da suke ba da dll ɗaya tilo a sauke, rabu da su. Ba ka san wa ya ɗora ba, ba ka san ko na 32 bit ne ko na 64 ba, kuma ko ka dace ya yi aiki gem ɗin zai sake tambayar wani na gaba, ka sauke shi ma ya tambayi wani, haka za ka yi ta yi har dare.

To mu fara da na Microsoft tunda su suka fi yawa.

Idan sunan ya fara da d3dx9, ko d3dx10, ko ka ga xinput1_3.dll, ko x3daudio, to DirectX ne. Nan mutane suke rikicewa, sai mutum ya ce ai ni DirectX 12 ne a kwamfutata ya za a ce ba ni da na 9. Eh kana da 12 ɗin, amma waɗannan ƙananan fayilolin na d3dx9_24 har zuwa d3dx9_43 ba sa zuwa tare da sabuwar Windows, sai an saka su daban. Ka shiga shafin Microsoft ka nemo DirectX End-User Runtimes June 2010, nauyinsa bai kai 100MB ba. Idan ka danna shi ba instolin zai yi kai tsaye ba, zai tambaye ka inda zai zazzage kayansa, sai ka buɗe sabuwar folda a Desktop ka nuna masa ita, in ya gama ka shiga cikin foldar ka nemo DXSETUP.exe ka danna. Mutane da yawa a zazzagewar suke tsayawa su ɗauka sun gama, su dawo suna cewa bai yi ba. Bazai taɓa maka DirectX 12 ɗinka ba, ƙari kawai zai yi. Kafin ma ka ƙona data, leƙa cikin foldar gem ɗin ko faifansa, sau da yawa akwai folda mai suna DirectX ko Redist ko _CommonRedist da DXSETUP ɗin a ciki.

Idan kuma saƙon cewa yake gem ɗin yana buƙatar aƙalla DirectX 8.1 ko 9.0, kamar yadda Vice City da San Andreas suke yi, wannan ba sauke komai za ka yi ba, DirectPlay ne a kashe. Control Panel, Programs and Features, a gefen hagu Turn Windows features on or off, ka gangara zuwa Legacy Components ka buɗe shi ka sa wa DirectPlay alama, OK. A wannan wajen dai akwai .NET Framework 3.5, in ɗan shirin setin gem ɗin ne yake ƙin buɗewa ka sa masa alama shi ma, amma shi yana son intanet.

Sai 'yan gidan msvcr da msvcp, waɗannan Visual C++ ne, kuma lambar ita ce shekarar. 80 na 2005 ne, 90 na 2008, 100 na 2010, 110 na 2012, 120 na 2013, shi kuma 140 da vcruntime140 kunshi ɗaya ne da ya haɗa 2015 da na shekarun bayanta. Sabo baya maye gurbin tsoho, shi yasa in ka duba jerin abubuwan da ke kwamfutarka zaka gansu jere da yawa, kar ka goge su da sunan rage nauyi. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne, tsohon gem kusan duk 32 bit ne, don haka wanda aka rubuta x86 a jikinsa shi kake buƙata ko da Windows ɗinka 64 bit ce. Ka saka x86 ɗin, in kana so ka ƙara da x64, ba sa faɗa da juna. Shi msvcr71.dll nasa daban ne, na 2003 ne kuma masu gem ne suke haɗo shi a cikin foldar gem ɗin, in shi ya ɓata to ka lissafa shi cikin kayan gem.

Wanda ya riga ya sauke dll ɗaya ya jefa a System32 kuma yanzu saƙon ya canza ya koma 0xc000007b, ga abin da ya faru. A Windows mai 64 bit, foldar System32 ta fayilolin 64 bit ce, ita kuma SysWOW64 ita ce ta 32 bit, a juye suke da yadda sunan yake nunawa, to in na 64 ya faɗa hannun gem mai 32 wannan lambar ce take fitowa. Ka tuna waɗanda ka jefa da hannunka, ka cire su daga System32 da SysWOW64 da foldar gem ɗin in ka sa a can, amma su kaɗai, kar ka taɓa wanda ba kai ka sa ba. Sannan ka sake gudanar da DXSETUP da Visual C++ ɗin su zuba na daidai. DXSETUP in ya tarar da fayil mai irin sunan a wajen yana iya tsallake shi, shi yasa cirewar take zuwa farko.

Yanzu kashi na biyu, inda aikin yake da ɗan yawa. Idan ka ga vorbisFile.dll ko eax.dll a San Andreas, mss32.dll a Vice City, binkw32.dll a gem da yawa, ko kuma fayil ɗin .exe ɗin kansa ya yi ɓatan dabo, waɗannan kayan gem ne, Microsoft ba ruwanta da su, ka saka DirectX sau goma bazai dawo da su ba. Tambayar da zaka yi wa kanka ba ina zan samo shi ba ce kawai, me ya cinye shi. Don in baka gano ba, ka dawo da shi gobe ya sake ɓata.

Wanda ake fara zargi anti bayiros ne. Buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Protection history, ka duba ko sunan fayil ɗin yana ciki. In kana da wani kamar Smadav ko Avast ka duba wajen killace fayiloli nasu su ma. In ka same shi a can kar ka yi gaggawar dawo da shi, tsaya ka yi tunanin daga ina gem ɗin ya zo. Wanda ka saya a shagunan gem na intanet kamar Steam ko GOG, ko faifai na asali, dawo da shi ka sa foldar a Exclusions shi ke nan. Wanda kuma ya bi ta filashi biyar kafin ya iso gare ka, gaskiya anti bayiros ɗin yana iya yin gaskiya, akwai bayiros masu maƙalewa a jikin duk wani .exe da suka samu. Ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal, wanda yake gwada shi da anti bayiros masu yawa, ka gani, in biyu ko uku ne suka yi ƙorafi cikin masu yawa wannan da sauƙi, in jerin ya yi ja jawur to ka haƙura da wannan kwafin gaba ɗaya. Ni bana ba kowa shawarar kashe anti bayiros dungurungum saboda gem, musamman kwamfutar da kake shiga banki ko imel da ita.

Akwai kuma bayiros ɗin shotkat da ya addabi filashi a wuraren kwafi da shagunan buga takardu, wanda yake ɓoye foldojinka ya bar maka shotkat a madadinsu. Kai kana ganin ka kwafo gem, ashe shotkat mai 1KB ka kwafo. Kar ka danna shotkat ɗin. Duba harafin filashin, a ce E ne, buɗe Command Prompt ka rubuta

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

ka danna Enter, foldojin gaske za su bayyana, sai ka goge shotkat ɗin ka yi wa filashin sikanin.

In ba anti bayiros ba ne, to a hanyar kwafi ya lalace. Danna dama a kan foldar gem ɗin, Properties, ka kwatanta Size da adadin Files da na kwamfutar da aka kwafo daga ciki. Size zaka duba ba Size on disk ba, don shi na biyun yana bambanta daga faifai zuwa faifai. Cikakken San Andreas yana kaiwa wajen 4.7GB, fayil ɗin gta3.img kaɗai da ke cikin foldar models wajen 900MB ne, in ka ga naka duka gem ɗin 600MB ne to wanda aka yanke ne, an cire masa rediyo da muryoyin da ke foldar audio don ya yi sauƙin saukewa, irin wannan ba lalacewa ya yi ba haka aka haife shi, ba kuma wani setin da zai sa CJ, jarumin gem ɗin, ya yi magana sai ka samo cikakke.

Filashin kansa ma abin tuhuma ne. In tsarinsa FAT32 ne baya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, don haka babban fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai guda, bazai shiga ba sai ka mayar da shi exFAT ko NTFS, ka kwashe kayanka tukuna don fomat yana share komai. Wanda ya fi wannan muni shi ne filashi na jabu, an rubuta 64GB a jiki, Windows ma tana nuna 64GB, amma cikinsa 8 ne ko ƙasa da haka. Kamar buhun da gindinsa ya huje ne, kana zubawa yana karɓa baya cewa ya cika, sai ka je gida ka tarar sunayen fayiloli suna nan da girmansu daidai amma cikinsu shara. Ɗan shirin H2testw yana cika filashin da bayanai ya sake karantawa ya gaya maka ainihin girmansa, yana ɗaukar lokaci amma sau ɗaya ne. Kuma don Allah ka riƙa yin Eject kafin ka zare, rubutun ƙarshe yana iya zama bai gama sauka ba ko da akwatin kwafin ya ɓace.

In gem ɗin a matse ya zo cikin RAR ko ZIP, kafin ka sake warwarewa buɗe shi da WinRAR ko 7-Zip ka danna Test. Idan gunduwa gunduwa ne, part1, part2, part3, dole dukansu su kasance a folda ɗaya da suna iri ɗaya, kuma daga part1 ake farawa. Test ɗin zai gaya maka wanne ne yake da matsalar CRC ko checksum, shi kaɗai zaka sake saukewa, ba sai ka sake sayen data na duka ba. Alamar da ake saurin ganewa, duk gunduwoyin girmansu ɗaya ne banda na ƙarshe, in na tsakiya ya fi 'yan uwansa ƙanƙanta to netwok ya yanke ana cikin sauke shi. Maɓallin Repair na WinRAR yana aiki sosai ne kawai in wanda ya matse fayil ɗin ya sa masa recovery record tun farko, in babu kar ka sa rai. Saƙon ISDone.dll ko unarc.dll lokacin instolin shi ma ba yana nufin waɗannan dll ɗin ne suka ɓata ba, su ne masu kawo rahoto kawai, cewa suke ko kunshin ya lalace, ko wuri ya ƙare a faifai, ko RAM ta gaza. Ka tabbatar C tana da sarari ko da a D kake sakawa don ta foldar Temp ake bi, ka rufe Chrome da sauran abubuwa, ka sake gwadawa.

Mai Steam shi ya fi kowa hutawa. Danna dama a kan gem ɗin a Library, Properties, Installed Files, Verify integrity of game files, zai duba kowane fayil ya sauke wanda ya lalace kawai. GOG Galaxy ma yana da Verify / Repair. Amma ka sani duk fayil ɗin asali da ka canza da mod, wato kwaskwarimar da 'yan wasa suke yi wa gem, zai mayar da shi yadda yake.

Tunda an zo maganar mod, masu canza motoci da kaya a San Andreas, gta3.img ɗin nan kuke buɗewa kuna sauya abin ciki, mota ɗaya mara kyau ta isa ta sa gem ya riƙa fita duk lokacin da ka shiga unguwar da take fitowa. Kwafi gta3.img na asali ka ajiye gefe kafin ka taɓa shi. In ka riga ka taɓa kuma baka ajiye ba, kwafo shi daga wanda bai yi mod ba mai irin bashon (version) ɗinka. Su kuma fayilolin .asi da foldar cleo da duk wani d3d9.dll da ka gani zaune kusa da gta_sa.exe, kwashe su zuwa wata folda ka gwada, in ya tashi ka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Mai faifan CD ko DVD na asali, in kwafi ya tsaya da Data error cyclic redundancy check, goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, ka gwada a wata na'urar don wata tana karanta abin da wata ta kasa. Idan kuma an gama instolin lafiya amma yana cewa ka saka faifai alhali yana ciki, ba fayil ne ya ɓata ba, yana iya zama tsohon makullin hana kwafi ne mai suna SafeDisc wanda Windows 10 bata goyon bayansa tun fitowarta a 2015, har Windows 7 da 8 ma an kashe musu shi da wani ɗaukaka a watan Satumbar shekarar. Nan sai dai facin da kamfanin gem ɗin ya fitar in akwai, ko sabon kwafin dijital.

Kashi na uku shi ne mafi sauƙi kuma shi aka fi mantawa. Gem yana aiki jiya, aka ɗauke wuta kana tsakiyar wasa ko batirin laftof ya mutu, yau ya ƙi tashi ko ya tsaya a baƙin allo. Kayan gem ɗin lafiyarsu lau, fayil ɗin setin ne aka katse ana rubuta shi. A San Andreas shiga Documents, GTA San Andreas User Files, zaka ga gta_sa.set, goge shi, gem ɗin zai ƙirƙiri sabo, abin da zaka rasa kawai setin maɓallai da na hoto. A Vice City gta_vc.set ne a tasa foldar. Sake instolin baya taɓa wannan foldar, shi yasa mutum zai cire gem ya mayar sau uku matsalar tana nan. Amma ka kula da maƙwabtansa, GTASAsf1.b har zuwa GTASAsf8.b sebin ɗinka ne, in ka haɗa da su an koma farkon labari. Seb ɗin da ya lalace kusan ba ya gyaruwa, dabarar ita ce ka riƙa sebin a gurbi biyu ko uku kana juyawa tunda takwas aka baka, kuma lokaci lokaci ka kwafi foldar zuwa waya.

Wani lokaci kuma fayil ɗin yana nan a gabanka kana kallonsa gem ɗin yana cewa babu. Duba hanyar da foldar take. Tsofaffin gem da yawa basa gane haruffan da ba na turanci ba, in akwai ƙ ko ɗ ko ɓ ko rubutun larabci a sunan foldar ko a sunan mai amfani da Windows ɗin suna iya ɓacewa a hanya. Program Files ma Windows tana tsaron ta tun daga Vista, gem ɗin da aka yi don XP yana son rubutu a foldarsa sai a hana shi ko a karkatar da rubutun zuwa wata ɓoyayyiyar folda mai suna VirtualStore cikin AppData\Local. Mafita, buɗe C:\Games ka saka shi a can da gajeren suna. Shotkat ɗin Desktop ma danna masa dama ka duba Start in yana nuna foldar gem ɗin, ko ka rabu da shi ka shiga foldar ka danna .exe ɗin kai tsaye. A Compatibility ka gwada Windows XP Service Pack 3 da Run as administrator. In OneDrive ya kwashe maka Documents, tabbatar foldar sebin tana kan kwamfutar ba a gajimare kawai ba.

To in gem ɗin fita kawai yake ba tare da ya faɗi sunan komai ba fa? Danna maɓallin Windows da R, rubuta eventvwr, shiga Windows Logs, Application, nemo jan Error na daidai lokacin da ya fita, karanta layin Faulting module name, sau da yawa sunan da kake nema yana nan. Mai ƙarfin hali ya sauke Process Monitor na Microsoft, ya tace da sunan .exe ɗin gem, ya kunna gem ɗin ya bari ya faɗi, sannan ya duba layukan ƙarshe masu NAME NOT FOUND ko PATH NOT FOUND. Za su yi yawa kuma mafi yawansu ba komai ba ne, Windows ce take leƙa wurare tana neman abu kafin ta same shi, na dab da mutuwar gem ɗin wanda ba a same shi a ko'ina ba shi ne naka.

In ana zargin fayilolin Windows ɗin kanta, Command Prompt a matsayin administrator, sfc /scannow, in ya ce ya ga ɓarna ya kasa gyarawa sai DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth sannan ka maimaita sfc ɗin. Amma wannan na Windows ne kawai, baya duba foldar gem.

Idan ka gyara yau, bayan kwana biyu wani fayil daban ya sake lalacewa, ko RAR ɗin da ya ci Test a kwamfutar abokinka ya faɗi a taka kuma kowane gwaji wajen da yake nunawa daban, to ka daina zargin gem ɗin. Laftof ɗin da muke saya na hannu yawanci da tsohon hadis (hard disk) ɗinsu suke zuwa. Saka CrystalDiskInfo, in ya nuna Caution da ruwan ɗorawa ko Bad da ja, fara kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri kafin komai, sannan ka yi chkdsk C: /r, zai ce sai an yi ristat, kuma yana iya cin awanni don haka ka yi shi lokacin da caji ya cika kuma akwai wuta ko janareta, kar ka kashe shi a tsakiya. Ita kuma RAM, Windows da R, rubuta mdsched, ka bari ta yi ristat ta gwada kanta. In ta kawo kuskure kuma sanda biyu ne a ciki, kashe kwamfutar ka cire ɗaya ka gwada da ɗaya, sannan ka musanya, wadda ta kawo kuskuren ita zaka kai kasuwa a canza.